Yini Guda a Ƙanaɗir, Inda Kogin Nilu Ya Rabu Biyu

Ga ɗan labarin wani yawo da na yi a ƙasar Masar, wanda Edita ya matsa mini in rubuta domin waɗanda ba su ji daga bakina ba.

Dalilin tafiyata Alkahira biyu ne, watau in gano ɗan ƙanena da ke karatu a Azhar, in kuma sayo littattafai. Amma ana gobe zan tashi daga Kumasi, da na je sallama wurin Kawu, sai ya ƙara mini na uku. Ya sa aka jawo masa akwatinsa na ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya lalubo wata Ishiriniya, ya zaro wani ɗan hoto daga tsakiyarta. Hoton baƙi da fari ne, bai fi tafin hannu ba, gefensa duk ya ci. Samari huɗu ne a ciki, sun sha jubba da jar dara, suna tsaye gaban wata hasumiya, ga ruwa a bayansu, ga wani ɗan siririn itace a gefe. A bayan hoton an rubuta da ajami: Ƙanaɗir, bayan Juma'a.

Kawu ya ce, "Na biyu daga dama ni ne. Sauran ukun duk sun riga mu gidan gaskiya. Ka je wurin nan, ka tsaya inda muka tsaya, ka ɗauko mini shi yadda ya ke yau, tun idon nan bai gama rufewa ba. Hoton kuwa amana ne. Ba ni da wani."

Kawu yana cikin ɗaliban da suka tafi Azhar zamanin Shugaba Jamal Abdul Nasir, lokacin da zumunci ya yi ƙarfi tsakanin Masar da Gana, har Kwame Nkrumah ya auri Fatiya, 'yar Alkahira, a ƙarshen 1957. Yanzu ya haura tamanin, yana kuma fama da yanar ido. Na karɓi hoton da hannu biyu, na sa shi cikin fasfo ɗina.

A Cikin Jirgin Ruwa

Hutun mako a Masar Juma'a ne da Asabar. Saboda haka ran Juma'a da sassafe yaron ya zo ya ɗauke ni daga masauki. Muka karya da wake da gurasa da wani abu da su ke kira ɗa'amiyya, wanda in ka rufe ido ka ce ƙosai ne, sai dai cikinsa kore ne don ganyen da su ke sa masa. Sa'an nan muka nufi bakin kogi a Masbiro, kusa da babban gidan rediyo da talabijin, inda jiragen ruwan 'yan yawo su ke tashi.

Wurin da za mu, cikakken sunansa Alƙanaɗirul Hairiyya, watau gadojin alheri. Amma in ka tambayi mutumin Alkahira hanyar Ƙanaɗir sai ya ɗan yi murmushi, domin su ba su furta ƙaf, Anaɗir su ke cewa. Yana arewa da birnin, kamar mil 15, cikin lardin Ƙalyubiyya. Ana zuwa a mota cikin ƙanƙanen lokaci, amma Kawu ya ce su ta ruwa suka je, ni ma na ce sai ta ruwa.

Kai, jama'a, jirgin nan ya ɗauki mutane! Magidanta da matansu da 'ya'yansu, da tukwane da tabarmi da ƙwallo. Tun ba mu bar gaɓa ba aka saki kiɗa, wani ya fito da ɗan ganga, 'yan mata suka shiga tafi. Muka bi ruwa muka yi arewa, gama Nilu daga kudu ya ke zuwa, yana gangarawa Bahar Rum. Muka wuce ƙarƙashin tsohuwar gadar jirgin ƙasa ta Imbaba, muka wuce sabuwar gadar nan mai igiyoyin ƙarfe da aka buɗe a 2019, wadda su ke kira Tahya Misra, muka bi gefen tsibirin Warraƙ. Daga nan dogayen benaye suka fara raguwa, sai ayaba da dabino da gonakin kabeji, da masunta cikin 'yan kwale-kwale, miji na jefa taru mata na tuƙi.

Na yi ta ɗaukar hoto har yaron ya ce, "Baba, a rage, kada batir ya ƙare tun ba mu isa wurin aikin ba." Na ga gaskiyarsa, na mai da kyamara cikin jaka.

Bayan kamar sa'a biyu sai kogin ya buɗe, ya yi faɗi ƙwarai, ga wani tsinin ƙasa kore shar a tsakiya ya tsaga ruwan biyu. Hannun hagu ya nufi Rashid, hannun dama ya nufi Dumyaɗ. A kan kowane reshe kuwa ga wata doguwar gada ta jan bulo da dutse, bakuna a jere kamar haƙoran mataji, da hasumiyoyi masu zanko sai ka ce ƙofar birnin wani sarki na da. Na zaro hoton Kawu na duba, gabana ya faɗi don murna. Ita ce.

Abin da Ya Sa Aka Gina Ta

Mai karatu, kada ka ɗauka gada ce kurum ta ƙetare ruwa. Madatsa ce. Kowane baka ƙofa ce da a kan rufe a tare ruwa. Kafin in ci gaba da labarin hoto, bari in ɗan faɗi asalinta, don wanda bai san wannan ba, ko ya je wurin, bulo kaɗai zai gani.

Masar ba ta da damina. Hadari ɗaya mai kyau da a kan yi a Kumasi ya fi ruwan da Alkahira ke samu a shekara. Noman mutanen da duk bisa ambaliyar Nilu ya ke. Wajen watan Agusta kogi ya kan cika ya malale gonaki, in ya janye sai a yi shuka cikin laka, a girbe sau ɗaya a shekara. Da bazara kuwa kogin ya kan yi ƙasa ƙwarai, sai mai jigo ko mai shanun jan ruwa ke iya ɗan noman rani. Jigon nan da mu ke gani a fadamun ƙasar Hausa, shi ne su ke kira shaduf.

To, da Muhammadu Ali Basha ya karɓi mulkin Masar a 1805, ya ga arzikin ƙasa yana cikin auduga mai dogon zare, wadda Turawa ke saye da tsada. Ita kuwa auduga da bazara ta ke son ruwa, daidai lokacin da kogi ya ƙafe. Da fari sai aka riƙa tara talakawa aikin tilas, suna yashe magudanan ruwa su yi zurfi. Ambaliya ta zo ta cike su da laka, baɗi a sake. Wahala ba ta ƙarewa. Sai masana suka ce, maimakon a yi ta zurfafa magudana, me zai hana a ɗaga kogin kansa? In an tare shi a nan inda ya rabu biyu, ruwa zai hau, ya shiga magudanan da kansa.

A 1833 aka ɗora aikin a kan wani injiniya Bafaranshe, Linan. A nan ne aka yi wani abu da ya kamata a sani. Basha mutum ne mai gaggawa, ya ce a rushe dalar Giza, manyan gine-ginen Fir'aunan nan, a kwaso duwatsun a yi madatsa da su. Linan bai ce masa a'a ba, gama ba a ce wa irin waɗannan sarakuna a'a. Sai ya je ya yi lissafi, ya kawo masa a rubuce cewa fasa sabon dutse daga mahaƙa ya fi arha. Basha ya ga kuɗi, ya haƙura. Da ba don dabarar mutumin nan ba, da yau masu zuwa kallon dala sai su tarad da fili.

Annobar 1835 ta tsai da wannan aiki. Daga baya wani Bafaranshen, Mujel, ya kawo sabon tsari, Basha ya aza harsashi da hannunsa a 1847. Bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu a 1849. Sai wajen 1862, zamanin Sa'idu Basha, aka gama. Reshen Rashid aka yi masa bakuna 61, na Dumyaɗ 71, kowane baka faɗinsa kamar ƙafa 16, kowace gada kuwa tsawonta wajen rabin kilomita. Aka kuma tsara manyan magudana uku da za su ɗebi ruwa daga nan: Taufiƙi ta yi gabas, Manufi ta bi tsakiya, Buhairi ta yi yamma.

Amma fa gaggawa ta yi halinta. An aza ginin bisa laka da rairayi, an kuma zuba harsashin cikin hanzari. Da aka rufe ƙofofi ruwa ya taru, sai ya riƙa bi ta ƙarƙashi yana ɓulɓulowa a ɗaya gefen. A 1867 wani sashe na gadar Rashid ya tsage ya gusa. Madatsar da aka gina don ta ɗaga ruwa ƙafa 15, sai aka ji tsoron a tare ruwan kirki da ita. Shekara da shekaru tana tsaye, kyau kamar amarya, aiki kuwa kaɗan. Har aka fara shawarar a watsar da ita a sayi injunan jan ruwa.

Bayan Ingilishi sun shiga Masar a 1882, sai suka kawo injiniyoyin da suka ƙware a noman rani a Indiya, shugabansu Kolin Skot-Monkirif. Suka ce ginin nan bai mutu ba, ƙafarsa ce ba lafiya. Suka riƙa killace sashe sashe da bazara, su kwashe ruwa, su faɗaɗa daɓen ƙarƙashi su ƙara masa kauri. A 1890 aka gama gyara, madatsa ta ɗaga ruwa ƙafa 13, auduga ta yi albarka. Ta yi aiki har 1939, sa'ad da aka gama sabuwar madatsa can gaba kaɗan, aka sallami tsohuwar. Tun daga ran nan ƙofofinta a buɗe su ke, ta zama hanya da wurin shan iska. Ambaliyar kanta ma ta zama labari tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970.

Neman Inda Kawu Ya Tsaya

Da muka sauka jirgi, masu keken doki da masu hayar kekuna da masu dawakin hawa suka yi mana caa. Muka ba su haƙuri, muka fara neman masallaci, muka yi Juma'a. Da aka sallame sai muka shiga aiki, tun da hoton ya ce bayan Juma'a.

Ashe aikin ba ƙarami ba ne. Gada biyu ce, kowace da hasumiyoyinta, kuma sun yi kama da juna kamar tagwaye. Tsakaninsu da kewayensu duk lambuna ne, waɗanda aka dasa tun zamanin sarakunan gidan Muhammadu Ali, da itatuwan da aka kawo daga ƙasashe dabam dabam. Akwai dogayen itatuwan turare, akwai wani irin ceɗiya na ƙasar Indiya mai sako saiwoyi daga sama, su sauko su kafu su zama kututture. Ƙarƙashin kowace inuwa ga iyali sun shimfiɗa tabarma, ana gasa kifi, ana dafa shayi, yara na guje-guje. An ce mini wannan ba kome ba ne, sai ran Shammun Nasim, bikinsu na shigowar bazara, wanda a kan yi ran Litinin bayan Istar Kibɗawa. Ran nan Musulmi da Kirista duk su kan fito da rinannen ƙwai da ɗanyar albasa da wani kifi mai gishiri da wari, ko wurin sa ƙafa ba ka samu.

Yaron nan, Allah ya yi masa albarka, shi ya fara kawo dabara. Ya ce, "Baba, duba hoton. Fuskokinsu da bangon duk rana ta haske su, har Kaka ya ɗan runtse ido. Kogin nan arewa ya nufa, gadar kuwa ta gitta shi daga gabas zuwa yamma. A ƙasar nan rana ta kudu ta ke ratsawa, saboda haka fuskar kudu ce ke shan haske, ta arewa tana cikin inuwa. Ta kudu suka tsaya." Na dube shi, na ce lalle kuɗin makaranta bai faɗi a banza ba.

Wannan ya rage mana rabin wahala. Muka bi gefen kudu, muka fara da gadar Dumyaɗ. Mu tsaya nan, in ɗaga hoto in gwada da hasumiya, ba ta yi ba, mu ƙara gaba. A nan ne na yi wauta. Na hau kan gadar, na juya arewa, na ga sabuwar madatsa ruwa na tumbatsa daga ƙofofinta fari fat, na ɗaga kyamara. Sai na ji an dafa kafaɗata, an ce, "Mamnu'u, ya Hajji." Wani ma'aikaci ne mai tsaron wurin. Ya ce in nuna masa abin da na ɗauka. Jikina ya yi sanyi, don na san in aka karɓe kyamarar nan, saƙon Kawu ya sha ruwa. Yaron ya yi masa bayani da Larabcinsu, ni kuwa na miƙa masa tsohon hoton. Ya daɗe yana kallo. Ya tambayi ko mai hoton yana da rai, muka ce yana nan. Ya sa na goge guda biyu da suka nuna sabuwar madatsa, ya ce tsohuwar kuwa in ɗauka har in gaji.

Ga gargaɗi ga mai niyyar zuwa. Tun 2022 hukumar Masar ta ce ɗaukar hoto na kanka a wuraren jama'a ba ya bukatar takarda. Amma ban da wuraren soja da na 'yan sanda da irin waɗannan ayyukan hukuma da a ke tsaro, ban da yaran mutane, babba kuma sai da yardarsa. Mutumin nan aikinsa ya yi. Ƙasar da mutum fiye da miliyan 100 ke sha daga kogi ɗaya, ga kuma Habasha ta buɗe babbar madatsarta a kan Nilu a 2025, ba a wasa da maganar ruwa a cikinta.

Muka ƙetare lambuna muka nufi gadar Rashid. La'asar ta kusa, ƙafafuna sun yi nauyi, ban ga wuri mai kama da na hoton ba. Hasumiya ta yi daidai, sai in rasa ɗan itacen. Muka zauna wurin wani tsoho mai shayi don mu huta. Ya ga ina jujjuya hoto, ya ce in ba shi. Ya kai shi kusa da ido, ya dubi hasumiya, sai ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Ya Hajji, ɗan itace ka ke nema? Ai ga shi ka zauna a ƙarƙashinsa!"

Na ɗaga kai. Wata ƙatuwar ceɗiya ce, mutum biyar ba su kewaye ta da hannu, rassanta sun rufe rabin hasumiyar. Wallahi ko kaɗan ban kawo a raina ba cewa shekarun da suka tanƙwara Kawu, su ne suka miƙar da itacen. Ina ta neman abin da ya shekara sittin yana girma, ina so in same shi yadda aka bar shi.

Na tashi na ja da baya, na ɗaga tsohon hoton da hannun hagu don in daidaita shi da tagogin hasumiya. Sai iskar kogi ta taso, fyat, ta fizge shi daga hannuna. Na ce, "Inna lillahi!" Hoton ya yi sama, ya juya, ya nufi ruwa, ya faɗa kan gangaren dutse, saura taki ɗaya ya shiga kogi. Kafin in motsa, wani yaro mai kamun kifi da ƙugiya ya yar da sandarsa ya taka gefensa da ƙafa. Ya kawo mini, da ɗan tabon laka a kusurwa. Na ba shi tukwici ya ƙi karɓa, sai da mai shayi ya sa baki. Daga nan na sa yaron namu ya ɗauki hoton hoton da wayarsa, abin da ya kamata in yi tun a Kumasi.

Sa'an nan muka yi abin da ya kawo mu. Na jira rana ta ɗan karkata, bulo ya yi ja kamar garwashi, inuwar bakuna ta kwanta bisa ruwa. Tsakar rana ba ta yi wa irin wannan gini kyau, ta kan wanke shi fari, safiya da la'asar su ne lokacinsa. Na ɗauki wurin babu kowa. Na tsai da yaron a inda Kawu ya tsaya, na biyu daga dama, na bar gurbin mutum uku, na ɗauka. Mai shayi kuma ya ɗauke mu tare.

Kafin mu tashi yaron ya kira gida ta waya mai nuna fuska. Aka kai wa Kawu, aka manna masa ita kusa da ido. Ya ce yana ganin ja da kore, sauran kuwa hazo. Muka juya wayar wajen bakunan, ya yi shiru yana sauraron ruwa. Can ya ce, "Ɗan itacen nan fa, yana nan?" Na ce, "Kawu, yana nan, har a inuwarsa na sha shayi." Ya ce, "Ikon Allah. Ran nan mu huɗu muka nemi inuwarsa, ba ta ishe mu ba." Sai ya ambaci sunayen abokansa ɗaya ɗaya, ya ce mu yi musu fatiha a wurin. Muka ɗaga hannu, mai shayi ma ya ajiye butarsa ya ɗaga tare da mu.

Muka komo Alkahira a ƙaramar motar haya bayan magariba. Da na dawo Kumasi na kai hoton aka wanke shi babba, faɗinsa ya kai kamu guda, don idon Kawu ya iya kama shi. Na mayar masa da amanarsa, na kuma faɗa masa gaskiyar tabon lakar. Ya shafa wurin da yatsa, ya ce a bar shi, ƙasar Masar ce ta biyo ni.

Jama'a, shawarata ɗaya ce. Gidaje da yawa a Zango akwai irin akwatin Kawu, cike da hotunan iyayenmu na Makka da Kano da Alkahira da Salaga. Ku fito da su tun masu su na da rai, ku tambayi sunayen waɗanda ke ciki, ku rubuta a baya, ku sa yara su ɗauki hotonsu a waya. Wanda kuma Allah ya kai shi Alkahira, bayan ya ziyarci Azhar ya ga dala, ya ware Juma'a guda domin Ƙanaɗir. Ya tafi da ruwan sha da hula mai kare rana, ya kuma riƙe abin hannunsa da kyau, don iskar wurin ba ta sallama.

Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, ya ji ƙan abokansa da dukan magabatanmu, amin.